Bakin wutar da yayana ya dasa wa Inna

Shekarun baya, ina sabuwar zama a Kabo, yayana ya dawo daga Jos da wata ciyawa a cikin buhun dankali. Jiya wata a cikinku ta saka hoton furenta a nan tana tambaya ko akwai wanda ya taɓa gwada shuka ta a ƙasar Kano. Na rubuta mata amsa na goge, na sake rubutawa na sake gogewa, daga ƙarshe na ce bari kawai in ba ku labarin gaba ɗaya, kowa ya tsinci abin da zai amfane shi.

Yayana dankalin Turawa yake sarowa daga Jos ya kawo kasuwar garinmu, Gwarzo. Shi ne ɗan fari a gidanmu, iyayenmu kuma mutanen da ne, masu alkunya ta gasken gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakin ɗayansu ba. Mahaifiyata "mai dankali" take ce masa, mahaifina kuwa "wancan" ne kawai. In ya shigo gaishe su da safe, Baba zai amsa yana kallon katanga, Inna kuma nan take za ta tuna tana da aiki a madafa. Mu ƙanne mu ake wasa da dariya da mu. Ni da bakina ba ya shiru har tsokanarsa nake yi, in ce masa a tasha aka tsince shi, shi kuma ya ce in bari ya tara kuɗin mota ya koma wajen iyayensa na gaskiya.

A wannan shekarar aka gano Inna tana da hawan jinin ido. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa jinkirta sauran kawai zai yi. Ganinta yana ta tsukewa daga gefe, sai ta juya kai gaba ɗaya kafin ta ga wanda yake zaune kusa da ita. Amma abu ja tana ganinsa sarai. Jan bokiti, jan zane a kan igiya, tattasai a faifai, duk daga nesa za ta nuna maka. Mu da muke manne da ita ba mu lura ba, sai shi da ko zama kusa da ita ba ya iya yi.

Shi ya sa ya kawo ciyawar. Ya ce a wani gida kusa da inda yake lodi ya gan ta ta yi fure, kara dogo a tsaye, kansa ja wur daga sama, rawaya daga ƙasa, kai ka ce bakin wuta aka soke a ƙasa. Ya roƙi mai gidan ya tsaga masa gindi guda. Sunanta na Turanci, in ji shi, wani abu ne mai nufin tocila, amma mu tun daga ranar bakin wuta muka sa mata. Abin da na gani a buhun dai ganye ne dogaye, sirara, sun yi laushi, da wani dunƙulen saiwa mai ƙasa. Na ce masa lallai ciniki ya yi kyau, an fara shigo mana da ciyawa daga wata jiha.

Bai kula ni ba. A gaban ɗakin Inna, inda inuwar darbejiya take sauka da rana, ya tara yashi da tsakuwa ya yi ɗan tudu, ya dasa ta a kai, wuyanta a waje. Ina tsaye a kansa ina surutu yana yi mini bayani, wai ita wannan abu biyu ne ba ta yafewa, a rufe mata wuya da ƙasa ko a bar ruwa ya kwanta mata a gindi. Ya ce zafin garinmu ma zai wahalar da ita, amma in ta tsallake bazara ta tsallake damina, da sanyi ya shigo tana iya yin fure. Ni ya faɗa wa, don ni ce wadda yake iya faɗa wa. Inna tana daga cikin ɗaki tana jin komai.

Da Baba ya dawo daga gonarsa ta wajen Kutama ya tsaya ya dubi tudun, ya tambaye ni ko ana cin ta. Na ce a'a. Ko magani ce? Na ce fure take yi. Ya gyaɗa kai ya ce to madalla, shi shekara da shekaru yana yaƙi da ciyawa a gona, yau ga shi an kawo masa ita har gida an yi mata gado. Ya ce in gaya wa wancan, in tsakuwa yake son nomawa akwai wani gefen gonar da ya gagari kowa. Yayana yana tsugune a wajen yana wanke hannu, ya yi murmushi kawai.

Inna ce ta raine ta. Da bazara ta kama, ganyen ya fara ƙonewa daga baki, ta sa aka kafa mata guntun zana ta yamma. Ragowar ruwan butarta take zuba mata kaɗan kaɗan daga gefe, kamar yadda ta ji an faɗa mini. In na zo daga Kabo na tsokane ta na ce Inna an zama mai lambu, sai ta ce ita tausayin abin kawai take ji, tunda an rabo shi da garinsu.

A cikin bazarar nan yayana ya rasu. Ciwon ciki ne, ya dawo daga tafiya da shi, kafin mu gama cewa a kai shi Kano an yi masa wanka. Ba zan tsaya a nan ba, don har yau ba na iyawa. Abin da zan faɗa shi ne, ko a wajen zaman makoki alkunyar nan ba ta sake su ba. Mata suna kuka suna rungume ni, Inna tana zaune da carbi tana amsa gaisuwa, har ita take ba wasu haƙuri. Baba a ƙofar gida, in an ce yaya haƙuri ya ce da godiya, ya tambayi mutum labarin ruwa a garinsu. A lokacin haushinsu na ji, wallahi. Na ce a raina wane irin mutane ne waɗannan, ɗa guda ya tafi ko hawaye babu.

Bayan an share makoki na koma ɗakina a Kabo. Damina ta sauka, ga laulayi ina fama da shi, ban sake leƙa Gwarzo ba sai tsakiyar marka, lokacin da ruwa yake wuni yana zuba. Na shiga gida da hantsi na tarar da Baba bai tafi gona ba. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi maigidana da mutanen gidansu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya miƙe ya ce in zo in gani.

Ban gane wajen ba da farko. Tudun tsakuwar nan ya ɓace. A madadinsa an yi wata kunya mai kyau, baƙar ƙasa lukwi, an tara ta a gindin shukar har ta haɗiye rabin ganyen, an daddaɓe gefe sumul, an kewaye da ɗan rami don ruwa ya tsaya. Duk wanda ya tashi a gidan manoma ya san wannan aikin. Huɗa ce, irin wadda ake yi wa dawa in ta tasa, a tara mata ƙasa a gindi don ta yi ƙarfi kada iska ta kwantar da ita. Kuma ban taɓa ganin huɗa mai kyan wannan ba.

Baba ya tsaya hannu a ƙugu, ya ce ya ga ta rame ne, an bar ta a kan tsakuwa kamar marar gata, shi ne ya ɗan gyara mata. Daga baya Inna take gaya mini ƙasar daga fadama ya ɗauko ta a buhu a bayan kekensa, takin kuma na turken awaki ne wanda ya ajiye don masararsa ta bayan gida. Ta ce kullum kafin ya tafi gona sai ya tsaya a wajen da fartanya, in ruwa ya zaizaye ƙasar ya mayar, in ya ji motsinta sai ya yi kamar wucewa yake. Ita ba ta ga yawan ƙasar ba, idonta ba ya kaiwa nan. Ƙarar fartanyar kawai take ji, kuma daɗi take ji.

Na tsuguna. Ganyen tsakiya ya yi rawaya, na ɗan ja guda ɗaya sai ya zare a hannuna ba gardama, gindinsa baƙi, yana yauƙi. Na sa yatsu na fara tone ƙasar. Tun kafin in kai ga saiwar warin ya taso, irin warin albasar da ta ruɓe a buhu. Baba yana tsaye a kaina. Mutumin da ya yi rayuwarsa duka a gona ba sai an fassara masa wannan warin ba.

Ya ce, "Ƙasar ce ta yi mata yawa?"

Na so in ce tsutsa ce, ko ruwan bana ne ya yi yawa. Amma ba a yi wa manomi ƙarya a kan ƙasa. Na ce, "Baba, ita wannan ba ta son a rufe mata wuya."

Ya ce, "Bai faɗa mini ba."

Shi ke nan abin da ya ce. Ya ɗauki fartanyarsa ya jingine a bayan rumbu, ya fita, ko keken bai ɗauka ba. Ni kuwa na zauna dirshan a cikin taɓo na yi kukan da ban yi ba tun ranar rasuwar. Ta yaya zai faɗa masa? Mutum biyu ne da suka yi shekaru a gida ɗaya, zancensu bai wuce ina kwana da a dawo lafiya ba.

Da na gama kukana na ci gaba da tono, don ban san abin da zan yi da hannuna ba. Uwar gindin ta tafi, ta zama kamar dafaffen dankali. Amma a can gefe, inda tsakuwar yayana ta rage ruwa bai kwanta ba, na sami wani ɗan toho da bai fi yatsana ba, da 'yan saiwoyinsa farare. Na yanke shi da wuƙar Inna, na barbaɗa masa toka a wajen yankan, na naɗe a gefen mayafina. Inna ta tambaye ni daga bakin ƙofa ko ta mutu ne. Na ce saura ɗa guda, zan tafi da shi Kabo in gwada. Ta ce to, Allah ya raya. Sai da na kai zaure ta ƙara da cewa in yi ƙoƙari, don idon nata ba jira yake yi ba.

To ku da kuka san ni kun san ni da shuka ba ma shiri. Na'ana'a ma, wadda ake cewa ko a bola ka jefa ta sai ta kama, a hannuna ta mutu. Ga shi an bar ni da shukar da ta fi kowace shuka tsirfa, ga kuma maganar Inna a kunnena. Na sami wata tsohuwar randa da gindinta ya tsage, na ƙara huda ta, na zuba tsakuwa da yashin rafi da 'yar ƙasa kaɗan, na dasa tohon wuyansa a waje. Na zama baiwar randa. Da safe in jawo ta rana, da hantsi in mayar da ita inuwa, in hadari ya taso in bar tuwo a wuta in ruga in ja ta ƙarƙashin rumfa, ga ciki a gaba. Maigidana ya ce ko shi da ya biya sadaki bai taɓa samun wannan hidimar ba. Na ce masa ranar da ya yi fure ya zo mu yi magana.

Sanyin farko ya zo ya wuce, ganye kawai. Duk zuwan da zan yi Gwarzo, bayan an gama gaisuwa an tambayi jaririya, Inna za ta ce, kamar abin bai dame ta ba, ciyawar mai dankali fa? In ce tana nan tana girma. A lokacin ta daina gane fuska, sai murya. Jan bokitin nan da take hangowa daga ƙofar ɗaki sai an kawo shi gabanta. Wata rana na nemo hoton furen a waya na kai mata daf da ido. Ta daɗe tana juya kai tana neman inda za ta kama shi, ta ce ta ga wani abu ja-ja. Ta miƙo mini wayar ta ce wannan ai na wasu ne.

Baba kuwa bai taɓa tambaya ba. In ya ji an ɗauko zancen sai ya tashi ya duba awaki.

Na tsallake da ita wata bazarar da ƙyar, da jiƙaƙƙen buhu da zana, na tsallake wata daminar. Da sanyi ya sake shigowa, wata safiya na je zuba ruwa na ga wani abu ya leƙo daga tsakiyar ganyen, kore, mai kai kamar ƙaramar masara. Na kira maigidana ya zo ya gani ko idona ne. Kullum karan yana ƙara tsawo, kan yana kumbura, sai ga ja ya fara fitowa daga sama. Kara ɗaya tal, gajere ma, bai kai na hoton ba ko kusa. Amma bakin wuta ne, yadda yayana ya faɗa.

Sai dai Inna ta riga ta shiga duhu tun kafin kaka. Ko fitila aka haska mata ba ta sani. Na san haka, kowa ya sani, amma na ce sai na kai mata. Muka ɗauki shatar a-daidaita-sahu daga Kabo, na zauna a baya na rungume randa, ina yi wa direba faɗa a kan kowane rami. Mutane a hanya suna kallona, mace da goyo a baya da tukunyar ciyawa a gaba.

Aka sauke randar a gaban ɗakinta. Na kamo hannunta na ɗora a kan karan. Ta bi shi a hankali daga ƙasa har sama, ta shafa 'yan furannin da suke rataye jere a jikinsa, ta sunsuna yatsunta ta ce ba shi da ƙamshi. Na buɗe baki zan fara yi mata bayanin kalarsa, sai ta ɗaga mini hannu. Ta juya wajen da ta ji tarin Baba, yana tsaye can nesa kusa da rumbu, hannayensa biyu a baya.

Ta ce, "Malam, yaya yake?"

Ya matso, amma bai saki hannayensa ba. Ya duba ya sake dubawa, yadda yake duba hatsi in zai saya. Ya ce kamar zangarniyar gero ce, sai dai ta fi gajarta ta fi kauri. Ya ce daga sama ja ne, ja sosai, ya fi tattasai. A tsakiya ya yi ruwan lemo, daga ƙasa kuma rawaya, kuma na ƙasan sun fara buɗe baki. Ya ce yana tsaye ƙyam, bai karkata ba. Ban taɓa jin Baba ya yi magana mai tsawon wannan a kan abin da ba a ci ba.

Inna ta ce, "Yana da kyau?"

Ya ce yana da kyau. Sannan ya ambaci sunan yayana, sunansa na yanka, ya ce, "Ya iya zaɓe."

A rayuwata wannan ne karo na farko da na ji sunan a bakinsa, kuma ban sake ji ba. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Ba wanda ya ba ta haƙuri, muka bar ta ta yi.

Da yamma da zan tafi na ce a bar randar a nan, tunda dama don gidan aka kawo ta. Baba ya ce a'a, in tafi da ita. Ya ce shi hannunsa na dawa ne.

Furen bai daɗe ba ya bushe daga ƙasa zuwa sama, haka suke yi. Shukar kuma bazarar da ta biyo baya ta tafi da ita, duk da buhu da zana da komai. Ban sake neman wata ba. Inna ta rayu 'yan shekaru bayan nan, Allah ya jiƙanta, kuma in baƙi suka zo takan ba su labarin furen, ja daga sama, ruwan lemo a tsakiya, rawaya daga ƙasa, ya fi tattasai. Da kalmomin Baba take faɗa, ba ta canza ko ɗaya ba, wanda bai sani ba sai ya ɗauka ta gani.

Don haka 'yar'uwa mai tambaya, amsarki ita ce tana yi, amma da wahala, kuma ba lallai ta daɗe miki ba. Ki sa yashi da tsakuwa, ki kare ta daga ranar yamma, kada ruwa ya kwanta mata, kada ki rufe mata wuya. Kuma ki faɗa wa kowa a gidan, har wanda ya yi miki dariya ranar da kika kawo ta. Shi za ki fara faɗa wa ma.

Ni dai har yau in damina ta yi tsaka na bi hanyar Gwarzo na ga manoma sun duƙa suna huɗa, sai in tuna da Baba. Na daina jin haushin da na ji a wajen makoki, abin da ya rage mini tausayi ne, kuma shi ya fi ciwo. Na yi shekaru ina zaton Baba bai damu da yayana ba, alhali abin da ya iya kenan, ya ɗauko ƙasa mafi kyau ya tara a gindin abin da yake so.

Yana nan da ransa, ya tsufa, ƙannena ne suke noma gonar yanzu. Bayan na tafi da tohon nan ashe ya kwashe baƙar ƙasar tas, ya tattaro tsakuwar yayana ya mayar da tudun yadda yake. Yana nan a gaban ɗakin Inna, babu komai a kansa. In ciyawa ta fito da damina da hannu yake cire ta, bai yarda a kai fartanya wajen ba.